Singiletin Surukina

Tarin Baba ya fara ne a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaji ba su iya tsayawa a tsakar gida da rana. Daga ɗakina nake jin shi. Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakinsu, kuma akwai wata 'yar kafa can sama kusa da azara, duk motsin da aka yi sai ya biyo ta nan. Da farko busasshen tari ne, sau biyu ko uku bayan sallar asuba. Kafin mako biyu ya yi nauyi, ya koma irin wanda mutum ke dafa bango kafin ya gama.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana. Mu uku ne a gidan, nan Ƙofar Kaura: shi da matarsa Inna Hajo, sai ni. Maigidana soja ne. Wata bakwai da kawo ni aka kwashe su zuwa Saliyo, ga shi an fi shekara ba mu sa shi a ido ba. Kafin ya tafi ya ce kada in riƙa fita sai da dalili, iyayensa kuwa suka riƙe maganar fiye da yadda ya faɗe ta. Rabona da ganin titi tun ƙaramar salla. Gidan babu yaro ko ɗaya, balle in ce ga wanda zan aika da magana.

Tunda na shigo gidan ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Haka aka rene ni, haka kuma suke so. In ya yi sallama a zaure, sai in saki abin da nake yi in shige ɗaki. Da safe in durƙusa bayan labule in ce, "Baba, ina kwana?" Shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri, "Lahiya lau. An tashi lahiya?" Iyakar zancenmu ke nan har wata safiyar.

A bayan Babbar Kasuwa yake aiki, wurin wani mai sayar da kifin ƙanƙara. Akwai ɗakin da inji ke sanyayawa, wanda aka ce in mutum ya daɗe a ciki gemunsa fari yake yi. Baba ke shiga ya fiddo katan-katan na kifi, ya loda a baro, ya tura cikin rana ya kai wa masu rumfuna, ya dawo ya sake shiga. A yini yakan shiga ya fita fiye da sau ashirin. Ban taɓa ganin wurin ba. Duk abin da na sani, ta kafar bango na ji shi, in yana ba Inna labari suna cin tuwo. Wannan baron ne ke ciyar da mu uku.

Da tarin ya tsananta, Inna ta ce sanyin ɗakin ne ya shige shi, kuma sanyi ba shi da magani sai tufafi. Ta fiddo singileti biyu masu kauri, na auduga, ta ce ya riƙa haɗa su, sannan ya ɗora 'yar shara, sannan rigar aiki.

"Malam, ƙara wannan."

"Hajo, so kike in dahu? Kin ga ranar da ake yi kuwa?"

"Gara ka dahu da ka daskare. Dafaffe ana ci nan take, daskararre sai an zauna jiran shi."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya karɓa ya sa.

Hannuwan Inna sun daɗe suna ciwo, ba ta iya matsa wanki, saboda haka wankin gidan duk a wuyana yake. Kullum da yamma takan turo daro bakin ƙofata da ƙafa. Ba ta cewa kayan wane ne, ni ma ba na tambaya. Tunda aka fara haɗa singiletin biyu, sai na ga suna zuwa da nauyi kamar daga rijiya aka tsamo su. In na matsa, zufa ke tsiyaya tun kafin in sa masu ruwa.

Wata yamma na ɗora ɗaya a damtsena ina neman sabulu. Iska ta ɗan kaɗo. Nan take tsikar jikina ta tashi, a cikin wannan zafin da ko zane mutum ba ya son ya taɓa shi. Na tsaya riƙe da sabulun. Ga jarkar ruwan shanmu can rataye a inuwa, Inna ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu don ruwan ya yi sanyi. Na dubi jarkar, na dubi abin da ke damtsena. Ashe haka muke naɗe Baba kullum, mu tura shi ɗakin ƙanƙara.

Na gane, amma wa zan faɗa wa? Da wane baki zan yi wa uwar mijina zancen rigar da ke taɓa fatar mijinta? Sau uku ina shirya maganar a zuciyata. Sau ɗaya har na isa bakin ƙofarta na durƙusa, ta ɗago ta ce, "Mi ne ne, ɗiyar nan?" Na ce, "Gishiri ya kusa ƙarewa." Na koma ɗaki na zauna ina jin haushin kaina.

Ana nan sai ranar da Inna ta tafi suna a Ƙofar 'Yandaka, Ruth ta shigo da ƙunshinta a ka. Ruth, wadda muke kira Maman Blessing, 'yar Filato ce, suna haya a bayan layinmu ita da mijinta Tanko. Tana da rumfar gwanjo a kasuwa, in ta buɗe sabuwar dila takan zaga gidaje don irinmu da ba mu fita. Ita kaɗai ce ke shigowa ɗakina ta zauna a bakin gado ba sai an ce ta zauna ba.

"Matar soja! Kina nan cikin ramin naki? Ki buɗe kunne, an ce ƙarshen watan nan farar hula za su karɓi mulki, a dawo maku da mazanku."

"Allah ya sa, Maman Blessing."

"Amin. Sai ki fara cin abinci, kada Lawal ya dawo ya tarar da muciya ɗaure da zane."

Ta kwance ƙunshin ta baje a kan tabarma. Ta ɗaga mani siket, ta ɗaga riga mai fure, ina girgiza kai. Ta zuba mani ido.

"Ramla, akwai magana a bakinki. Ki tofar da ita, babu kowa a gidan."

Na ce, "Ko akwai riga ta ciki? Ta maza?"

"Ta Lawal? Ai ki bari ya dawo mu ga ko ya rame."

Na girgiza kai, na nuna bango da haɓa. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta fashe da dariya har da dukan cinya.

"Baba Sammani? Ke da ko takalminsa ba ki iya kallo?"

Na rufe fuska da gyale. Da ta ga ba wasa nake ba, sai ta bar dariyar.

"Na gan shi shekaranjiya yana tura baro, riga ta manne mashi a baya. Tarin nan ma har rumfata nake jin shi. Faɗa mani."

Na faɗa mata duka, da singiletin, da zufar, da jarkar ruwa. Ban taɓa yin doguwar magana irin wannan ba tunda na zo gidan. Ta saurara har na gama, sannan ta tona ƙasan ƙunshin ta fiddo riguna uku ta jera.

"Zaɓi."

Na ɗauki wata shuɗiya mai sheƙi da santsi. Na ce, "Wannan ba za ta jiƙe ba."

"Miƙo buta."

Ta ɗiga mata ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangara ƙasa, ko alama bai bari ba.

"Kin gani? Nailan ce, ba ta shan ruwa. To zufar ina za ta? Nan za ta tsaya tsakaninta da fata. Kin ɗaure tsoho cikin leda ke nan. Kwana biyu ƙuraje su feso mashi, sanyin kuma yana nan."

Ta jawo ta biyu, fara ce mai kauri, irin na Baba. Ta ɗiga. Ta shanye ruwan nan da nan, wurin ya yi duhu ya tsaya.

"Wannan kin fi ni sanin halinta. Auduga mutuniyar kirki ce in mutum zai zauna gindin itacen bedi yana fifita. Amma abin da ta sha ba ta saki da wuri. Mai shiga sanyi da zufa, ita ke kayar da shi."

Ta uku ruwan toka ce, mai dogon hannu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Da na kai ta kusa da ido sai na ga saƙarta duk 'yan ƙananan ƙofofi ne. Ni da kaina ba zan taɓa ɗaukar ta ba, ta fi kama da abin da aka gama yayinsa. Ruth ta ɗiga mata ruwa. Ruwan bai gangara ba, bai kuma tsaya wuri ɗaya ba, sai ya bazu ya yi faɗi kamar tafin hannu. Ta kaɗa ta sau biyu, ta rataye ta a kan ƙyaure tare da farar.

"Ba ni ruwa in sha, mu ba su lokaci."

Muka zauna tana ba ni labarin kasuwa. Ta ce tunda aka fara zancen mulkin farar hula kowa ya zama ɗan siyasa, har mai gyaran takalmin bakin rumfarta ya ce a riƙa kiran shi Shugaba. Ba mu daɗe ba ta ce in tashi in taɓa. Farar na nan da danshinta. Mai ruwan tokar ta bushe ƙayau.

"Can ƙasar Turawa masu gudu cikin ƙanƙara ke sa ta. Tana jawo zufa daga jiki ta watsa ta waje. Tanko na da irinta. In zai je gida a kan babur, ya taso cikin zafi ya hau duwatsunmu cikin ɗari, ita yake sawa a ciki. Amma ki ji da kyau. Ita kaɗai za ta taɓa jiki. In ya sa singileti a ƙarƙashinta, kin yi aikin banza. Kuma sai ta kama shi, kada ta yi mashi burum-burum. Abu mai kauri a waje ake sa shi, wanda zai iya tuɓewa a bakin ƙofa. Ai akwai wata ƙatuwar kwat da suke ratayewa a ƙofar ɗakin sanyin, na sha ganin ta."

Na ɗauko singiletin Baba daga igiya na shimfiɗa, na auna kafaɗa da taƙi, na auna waccan. Sun zo daidai. Na ba Ruth hular da na gama ɗinkawa, ta bar mani rigar.

Tana ɗaure ƙunshi ta ce, "Saura ki ba shi. Ko in tsaya in faɗa mashi da kaina?"

"A'a! Don Allah, Maman Blessing. Sai a ce na kai sirrin gida waje."

"Ku da kunyarku. Wata rana sai ta haɗiye ku da rai."

Na wanke rigar, na ninke ta, na cusa tsakanin kayan Baba, na ajiye daron a ƙofar Inna. Fatana ya gan ta ya ɗauka matarsa ce ta saya. Ban kai ga komawa ɗaki ba na ji kira.

"Ke ɗiyar nan! Wannan fa? Ta ina ta shigo mani gida?"

Na durƙusa. "Wurin Maman Blessing, Inna."

"Ta wa ce?"

Na sunkuyar da kai. Ta gane, amma ita ma ba za ta faɗa ba. Ta ɗaga rigar sama saitin rana.

"Ikon Allah. Ga bedin maƙwabta can ina gani ta cikinta. Mutum na tari kamar zai amayar da huhu, a ce ya sa rariya? Kuma wa ya san wane Bature ya cika a cikinta?" Ta ja ta da yatsu, ta sake ja, sai fuskarta ta saki. "Amma fa za ta yi tatar koko. Matacina ya yage tun makon jiya."

Washegari ta ɗaure hannuwan rigar a bakin tukunya, ta ce in zuba ƙullu. Da yake ita ba ta iya matsa, ni na tace. Gasara ta riƙa sauka sumul, dusa ta tsaya a sama.

"Kai, ɗiyar nan, Allah ya yi maki albarka. Ban taɓa samun mataci irin wannan ba."

Na ce, "Amin, Inna."

Kwana takwas ina tace koko da rigar da safe, da yamma in matse zufar Baba daga singileti. Tarin kuwa kullum ƙara zurfi yake.

Ranar wata Alhamis, tun kafin azahar, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da ƙarfi. Na gudu ɗaki na leƙa ta gefen labule. Ado ne, abokin aikin Baba, ya rungumo shi yana jan ƙafa. Rana na dukan tsakar gida, amma haƙoran Baba na haɗuwa, jikinsa na karkarwa kamar mazari. Inna ta saki muciya tana salati. Aka kwantar da shi, Ado ya fita ya dawo da mai kemis.

Ta kafar bango na ji bayanin. Mai kemis ya ce ciwon haƙarƙari ne, zai riƙa zuwa yana yi mashi allura har kwana bakwai. Ya rage murya ya ce wa Inna, "In ya sake kama shi, Hajiya, ba ni za ku kira ba. A shekarunsa ba a yin wannan sau biyu." Ado kuma ya ce maigidansu ya yarda a riƙe wa Baba baronsa har Asabar ta sama, ranar da motar kifi za ta iso. In bai fito ba ranar, akwai masu jira.

Kwana tara Baba na kwance. Zazzaɓin ya sauka a na huɗu, ya fara shan kunu, ya fara zama. Tarin bai tafi ba, ya dai yi sauƙi, tunda babu rana babu ƙanƙara. Na riƙa roƙon Allah a raina ya ce ya haƙura da aikin. Amma na san ba zai ce ba, kuma in ya ce, mi za mu ci?

Ranar Juma'a da la'asar Inna ta buɗe akwati ta fiddo suwaitar maigidana mai warin kafur, ta haɗa da singileti uku, ta turo mani daro.

"Ki wanke su bushe kafin gobe. Wannan karon ko allura ba za ta sami hanyar shiga jikin Malam ba, balle sanyi."

Na zauna gaban daron har inuwa ta kai bango. Sannan na tashi na kwanto rigar daga bakin tukunya. Na wanke ta sau uku har tsamin gasara ya fita, na shanya ta a cikin ɗakina. Suwaitar da singiletin kuwa na cika masu ruwa, na tura daron bayan ɗakin girki, na kifa faifai a kai. Dabarata ke nan: in gari ya waye babu busasshen abu sai ita, dole a ba shi ita. A kira ni malalaciya, na yarda.

Asabar ta waye da zafi tun da sassafe. Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakinsu, ya yafa mayafi, rediyo na gefensa. Ana ta bayanin cewa yau soja za su miƙa mulki a Abuja. Inna ta je igiya ta ga wayam.

"Ɗiyar nan, ina kayan Malam?"

Daga bayan labule na ce, "Suna cikin ruwa, Inna."

"Cikin mi?"

"Ruwa."

Na ji takunta har bayan ɗakin girki, na ji an ɗaga faifai.

"La'ilaha illallahu! Tun jiya? Mi na yi maki? Shekara biyu ban taɓa ɗaga maki murya ba, yau da mutum zai koma bakin aikinsa kika zaɓa ki nuna mani hali?"

Ina jira ta ce to mi zai sa, in miƙo rigar. Sai na ji ta ce, "Fito ki matse su. Ya sa haka nan, kafin ya kai kasuwa rana ta busar da su a jikinsa."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Da hannuna na jiƙa su, yanzu da su zai shiga ɗakin ƙanƙara.

"Ba ki ji ba ne? Rana na yi!"

Ban san lokacin da na ɗauki rigar ba. Na ɗora ta a kan faifai, na ja gyale har goshi, na ɗaga labule na fita. Na wuce Inna, na tsaya nesa da tabarmar, na durƙusa na ba shi gefe, fuskata na kallon bango. Na tura faifan gaba.

"Baba."

Muryata ta fito 'yar ƙarama. Na ci gaba.

"Ba sanyin ɗakin ne kaɗai ba. Zufa ce. Ni ke wankewa, na sani. A jiƙe suke zuwa, da sanyi, kuma da su ake shiga." Na ƙara tura faifan gaba. "A sa wannan ita kaɗai a ciki, ba ta riƙe zufa. In za a shiga a ɗora kwat. In an fito a tuɓe."

Mai rediyo na ta magana. Inna ce ta fara samun baki.

"Yau na ga abin da ya ishe ni. A gidan wa aka taɓa yin haka? Suruka ta tsuguna gaban surukinta tana lissafa mashi abin da zai sa a jikinsa? Malam, kana ji? Kuma matacin kokona ne fa!"

Na ji an kashe rediyo. Ina kallon wata tururuwa na hawa bango, hawaye na ɗiga a kan gwiwata. Na fara fatan ƙasa ta tsage.

"Hajo," in ji Baba, "miƙo mani."

"Malam!"

"Miƙo mani, na ce. Mota ba ta jira na."

Ban tsaya ganin ko ta miƙa ba. Na tashi da gudu na faɗa ɗaki, na kifa kai a kan gado. Can na ji ƙarar takalminsa ta nufi zaure, bai yi wa kowa sallama ba.

Yinin nan ya yi mani tsawo. Inna ba ta ce mani uffan ba, ko abinci da na kai mata ta kawar da kai. Daga gidajen maƙwabta rediyoyi na ta kiɗan badujala, wasu matasa suka wuce a layi suna ihu suna busa usur. Na leƙa bayan ɗakin girki na ƙirga: suwaita na nan, singileti uku na nan. Na wanke su na shanya. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai in ruga in leƙa ta gefen labule.

Bayan la'asar ya dawo da ƙafafunsa. Ya yi tari a zaure, ya yi a tsakar gida. Na jira daro, ba a turo ba. Washegari ma haka. A rana ta uku Inna na watsa wa kaji dusa, ta ce da su da ƙarfi, "Ku ci, ku dai ba ku da baki. Malam ya ce daga yau shi zai riƙa wanke kayansa a famfon kasuwa, tunda masu wankin gida sun koma wa'azi."

Gaisuwar safe ma ta yanke. Kafin in durƙusa bayan labule ya riga ya fice. Na san ba fushi ba ne, nauyi ne. Na faɗi abin da ya sa ba zai iya jin muryata ba tare da ya tuna ba. Da can ina taɓa kayansa in san halin da jikinsa ke ciki, yanzu ko yana sa rigar ko ya jefar da ita a kwata, ban sani ba. Ba ni da abin dogaro sai kunne. Makon farko tarin na nan yadda yake. A na biyu aka yi ruwan farko, gari ya ɗan huce, na tsorata kada ya tashi. Bai tashi ba. Wata safiya na idar da salla na zauna ina saurare, har hantsi ya fara ban ji an dafa bango ba.

Maigidana dai shiru. An ce ana dawo da su rukuni-rukuni, ba a ce ga ranar nasu ba.

Ranar da aka cika kwana goma sha shida, na ji Baba ya fito zai tafi aiki, amma takun bai nufi zaure ba. Ya tsaya a tsakiyar gida ya yi gyaran murya.

"Hajo."

"Na'am."

"In matar Tanko ta shigo, a ce wa mutanen ɗakin can su zaɓo wata irinta. Ɗaya ba ta isa wanki da sawa. Ado ma ya ce yana so, shi ya fi ni faɗin kafaɗa."

"Ni ce 'yar aike yanzu? Ga ta can tana jin ka, labule ne ba dutse ba."

"Na san ana ji."

Na sauko daga gado na durƙusa bayan labulen. Na buɗe baki in ce to, Baba. Kafin in furta ya kai zaure, na ji ƙyaure ya rufe.

Inna ta ja tsaki, ta shiga hura wuta. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Sai ki fito ki ɗora ruwa, ko shi ma sai an aiko maki?"

Na fito na ɗora.